Firij mai wayo: wane wayo ne zai amfane mu?

Tallar wani irin firij tana ta yawo a wayoyinmu. Yana da allo a ƙofa kamar talabijin, da kyamara a ciki, yana haɗuwa da intanet, har kana kasuwa za ka iya leƙa abin da ya rage a cikinsa ta wayarka. Wasu cikinmu da ke shirin aure sun fara sa shi a jerin kayan ɗaki, ko da a mafarki ne. Kafin wani ya ci bashi a kansa, ya kamata mu tambaya: mu da ke zaune a Wurno da Rabah da Goronyo, me wannan firij zai yi mana?

Abin ba sabo ba ne. Kamfanin LG ya fitar da firij mai intanet tun shekara ta 2000, amma tsada ta hana shi kasuwa. Samsung ya kawo nasa mai suna Family Hub a 2016. An ƙera su ne domin mutumin da ke cika firij da cefanen mako guda, har ya manta abin da ya saya. Damuwarsa mantuwa ce. Mu kuwa cefanenmu na yini ne. Uwar gida ta san adadin tumatirin da ya rage mata ba tare da kyamara ba. Damuwarmu ita ce sanyin kansa: zai kai gobe, ko ba zai kai ba?

A watan Afrilu zafi a nan yakan wuce digiri 40, wuta kuma takan zo ta tafi yadda ta ga dama. Ba mu manta watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar layukan wuta, har da wanda ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ta bar jihohin Arewa da yawa cikin duhu kwana da kwanaki. A irin wannan hali, firij mai allo da firij na gwanjo duk ɗaya suke: akwatin ajiye kwanuka. Ranar da wutar ta dawo da ƙarfi fiye da kima, ƙwaƙwalwar na'urar ce ke fara ƙonewa. Mai gyaran unguwa zai iya zuba gas ko canza kwamfiresa, amma allo da ƙwaƙwalwa sai an yi oda daga nesa.

Sai maganar intanet. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Goronyo da Rabah. Duk wayon da ya dogara ga sabis, a lokacin ya zama tarihi. Ko sabis yana nan, data kuɗi ce, kuma kamfani yana iya daina sabunta manhajar tun firij ɗin yana da sauran ƙarfi.

Ba muna cewa fasaha ba ta da wuri a cikin firij ba ne. Kwamfiresa mai inbata yana rage cin wuta, har ƙaramin sola zai iya ɗaukarsa. Ƙararrawar da ke kuka idan yaro ya bar ƙofa a buɗe tana da amfani. Amma waɗannan ba sa bukatar allo ko intanet, kuma ana samun su a firij mai sauƙin kuɗi.

Inda wayon gaske yake aiki shi ne asibiti. Yawancin alluran rigakafi dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ba haka ba ƙarfinsu ya tafi ba tare da ido ya gani ba. Akwai firij mai aiki da hasken rana kai tsaye, ba batir, wanda ke daskarar da ruwa a jikinsa da rana domin ya riƙe sanyi da dare. Wasu suna da 'yar na'ura mai aika saƙon waya ga ma'aikaci idan zafi ya fara hawa. Wannan saƙo ɗaya yana iya tsare lafiyar yaran ƙauye guda. Idan za a nemi firij mai wayo a yankinmu, a fara nema wa ɗakin shan magani.

Na biyu shi ne gona. Dam ɗin Goronyo da ke kan kogin Rima da fadamun Wurno suna ba mu albasa, tafarnuwa, tumatir, barkono da shinkafa. Albasa ba ta son firij ɗin gida. Iska da bushewa take so, shi ya sa manoma ke zuba ta a rudu. Tumatir ne ke ruɓewa cikin 'yan kwanaki, manomi ya sayar da kwando a wulaƙance don kada ya tashi a tutar babu. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, ya nuna hanya: ɗakin sanyi mai sola a kasuwa, kowa ya biya kuɗin kwandonsa na yini. Kafin shi, malami Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ruwan yana ƙafewa yana janye zafi, kayan miya su ƙara kwanaki. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, shekarar da LG ya fito da nasa firij ɗin. A busasshen zafinmu tukunyar tana aiki sosai, kuma ba ta san an ɗauke wuta ba.

Mun saba karanta labarin Yusufu a littafin Farawa. An ce da shi mai hikima ne domin ya adana hatsin shekarun ƙoshi har ya ciyar da jama'a a shekarun yunwa. Ma'aunin ke nan: abin ya hana abinci lalacewa? Ya kai ga mai bukata?

Don haka ga shawararmu. Mai shirin aure ya sayi firij daidai aljihunsa, ya sa ragowar kuɗin a sitabilaiza ko farantin sola. 'Yan'uwa mata kada su bari gasar kayan ɗaki ta jefa iyayensu cikin bashi. Idan rawa ta ƙare, mai bin bashi ne ke fara sallama. A zumuntarmu kuma, mutum biyar ko goma za su iya yin adashe su sayi firiza mai sola guda, su sayar da ƙanƙara, zobo da kunun aya a bazara, su bar gefe guda kyauta ga maƙwabcin da ke ajiye allurar ciwon suga, Kirista ne ko Musulmi. Wanda ke neman sana'a ya koyi haɗa sola da gyaran firij, domin wannan aiki ba zai rasa kasuwa a nan ba.

Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.