Hawan Jini a Jikin Yara Masu Ƙiba: A Fara Duba Tukunya

A ƙasar Rano da Kibiya, kamar sauran sassan Jihar Kano, tamowa ce ta daɗe da ɗauke hankalin ma'aikatan lafiya, kuma suna da hujja. Sai dai hakan ya sa idan yaro ya yi ƙiba, tubarkalla kawai ake cewa, ba mai tunanin a auna jininsa. Alhali ƙiba na cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini tun ƙuruciya, ciwon da ba ya sallama, sai dai ya yi ta gajiyar da zuciya da ƙoda a ɓoye.

A 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa auna jinin yaro kowace shekara tun yana ɗan shekara 3. Daga shekara 13 kuwa, idan awon ya dawwama a 130/80 ko fiye, hawan jini ne. Ga yawancin irin waɗannan yara, gyaran abinci da motsa jiki ake farawa da su kafin ƙwaya.

Tsarin abincin DASH, wanda aka wallafa gwajinsa a Amurka a 1997, ya dogara ne kan ganye, 'ya'yan itatuwa, wake, hatsin da ba a raba da dusarsa ba, da nono marar maiƙo. Mai karatu ya duba: zogale, rama, kuka, gero, dawa, ga tumatir da albasa na noman rani da ruwan Tiga ke shayarwa. Mene ne ba mu da shi?

Gishiri ne matsalarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali guda, na yaro bai kai haka ba. Mu kuwa ga gishiri, ga magi, ga garin da ke cikin ledar indomi, ga kanwa, wadda ita ma sodiyam ce. Zobon da muke yabo kuma, sukari ya kusa mai da shi lemon kwalba.

Ina ganin kuskure ne a ware yaro a hana shi abinci yana tsaka da girma; girkin gidan gaba ɗaya za a gyara. Ƙananan hukumomin biyu kuma su wadata asibitocin sha-ka-tafi da ma'aunin da ya dace da damtsen yaro, domin wanda bai yi daidai ba yakan ba da sakamakon ƙarya. Wanda awonsa ya ƙi sauka a kai shi Babban Asibitin Rano a duba ƙodarsa.