Rage awannin injin pampo ba tattali ba ne

Jama'ar Magaria da Dungass, akwai wata ɗabi'a da muke gani a garuruwanmu masu shato: da gazuwal ya yi tsada, sai masu kula da pampo su tada inji sau ɗaya, su cika tanki, su kashe. Wai an yi tattali.

To amma ruwan jabel da ake zubawa ba ya zama a ruwa har abada. Zafi na cinye shi, dauɗar gindin tanki ma na cinye shi. Ruwan da ya yini ya kwana cikin tankin ƙarfe a ranar watan Afrilu, kafin ya kai bidon uwargida ƙarfin maganin ya tafi. Abin da ya fi muni shi ne bututu. In inji ya tsaya ya bushe, duk inda ya tsage sai ya zuƙo ruwan kwata, ballantana da damina. Ido kuwa ba ya ganin wannan, ruwa garau yake fitowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita a bakin pampo. Wa ke auna mana? Mu da muka ga kwalarar 2021, bai kamata mu yi shiru ba.

Kuɗin bido muke biya kullum. A raba aikin inji safe da yamma, a wanke tanki, a kuma liƙa awannin a jikin shato kowa ya gani.