Haƙurin Rabi da alhakin Alhaji Abdu: darasi daga littattafan Balaraba Ramat

A cikin marubutan Hausa na wannan zamani, kaɗan ne suka kai Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta birnin Kano sanin abin da ke faruwa a tsakar gida bayan an rufe ƙofar zaure. Ita ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammad, amma wannan daraja ba ta hana a fid da ita daga makaranta a yi mata aure tana da shekara 13 ba. Daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci, kamar yadda dubban manya suka yi a gundumomin Tasawa da Mayahi, har ta kai ga rubuta littattafai. Saboda haka maganarta ta cancanci a saurare ta a nan.

Abu uku ne ke tafiya tare a littattafanta: imani, da iyali, da sadaukar da kai. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da ƴaƴanta tara. Rabi ba ta zauna kuka ba, ta kama sayar da abinci, ta ciyar da yara, har ta aurar da ɗiyarta Saudatu cikin mutunci. Da gobara ta cinye shagon Alhaji, dukiya ta ƙare, sai dangi suka matsa mata ta koma gidansa. A cikin Wa Zai Auri Jahila?, shi ma na 1990, an fid da yarinya Abu daga karatu an ba tsoho, ta gudu Kano wajen gwaggonta, ta koma makaranta, ta zama ma'aikaciyar jinya.

Wasu na karanta labarin Rabi su ce ga abin koyi, mace ta yi haƙuri Allah ya saka mata. Gaskiya ne, mahaƙurci mawadaci. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya karanta rabin littafi ne. Sunan littafin kansa a kan alhaki yake magana, kuma alhakin yana wuyan namiji. Addinin Musulunci ya ɗora wa miji ci da sha da tufafi da wurin kwanan iyalinsa, ya kuma wajabta neman ilimi a kan namiji da mace. Wahalar Rabi ta samo asali daga mutumin da ya yar da wajibinsa, yana kuwa amsa sunan Alhaji. Marubuciyar ba ta yi faɗa da addini ba, da ma'aunin addinin ne ta auna mazan labarinta ta same su da tauye mudu.

To, ina ruwan mutanen Tasawa da Mayahi da labarin Kano? Da an gama girbin hatsi, samari da magidanta da yawa kan tafi ci-rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, su bar mata da daka, da ɗiban ruwa, da sayar da fura ko ƙuli-ƙuli don yara su ci. Mafi yawansu neman halal ya fitar da su, kuma suna aiko da abin da ya sawwaƙa. Akwai kuma wanda in ya samu, sai ya fara da ƙarin aure kafin ya cika rumbu. Ga kuma maganar ɗiya mata. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jahar Maraɗi kuwa kashi 89 ne. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare ɗiya mace da ke lakwal, amma takarda ba ta aiki sai hakimi da liman da uba sun yarda.

Masu cewa irin waɗannan littattafai na koya wa mata tsaurin ido, su tuna Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ta kafa ƴan taru tun ƙarni na 19, tana aika jajis ƙauyuka su karantar da mata. Karatun mace tsohon gado ne a ƙasar Hausa.

A 2012 an buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi a ƙasar Indiya, aikin Aliyu Kamal. Abin kunya ne mutumin Indiya ya san Rabi, wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci a Mayahi bai san ta ba, alhali da harshensa aka rubuta ta. Ya kamata ma'aikatan ilimin manya su sa waɗannan littattafai a ɗakunan karatu na ƙauyuka, a riƙa karanta su a dandali maza na ji. Duk uban da ya ji labarin Abu, ya sake tunani kafin ya karɓi sadakin yarinyar da ke aji shida. Allah ya ba magidanta ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.