Takardar Ofis Amana Ce

A kowace shekara jami'o'inmu suna yaye ɗalibai dubbai, kuma da yawa daga cikinsu, da zarar sun gama hidimar ƙasa, sai su sami kansu a wata ma'aikata, ga fayil a gaba, ga alƙalami a hannu. A nan ne mutum yake tarar da wani darasi wanda ba a koya masa a lacca ba. Shekara huɗu ya yi yana rubuta amsar jarrabawa domin malamin da ya riga ya san amsar, wanda kuma tilas ne ya karanta kome tsawonta. Yau kuwa zai rubuta wa mutumin da bai san kome ba game da maganar sai abin da takardar ta gaya masa, ga shi ba shi da lokaci, kuma da abin da ya fahimta zai yi aiki. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda bai gane wannan bambanci ba, zai cuci jama'a da alƙalaminsa ko da bai ci kwabon kowa ba.

Tarihi ya ajiye mana misali mai ban tsoro. Ran 25 ga Oktoba, 1854, a yaƙin Kirimiya, a wani wuri da ake kira Balakalaba, babban kwamandan sojan Ingila, Lord Raglan, yana kan tudu ya hangi Rashawa suna shirin janye wasu igwogi da suka ƙwace. Sai ya sa aka rubuta wa shugaban barade, Lord Lucan, 'yar takarda cewa su yi hanzari su hana abokan gaba tafiya da igwogin, amma ba a faɗi waɗanne igwogi ba. Shi kuwa Lucan yana cikin kwari, ba ya ganin abin da na kan tudu yake gani. Igwogin da aka nufa da su mahaya su ne na Rashawa da aka girke a ƙarshen kwarin. Mahaya fiye da 600 suka yi sukuwa cikin wuta, fiye da 100 suka halaka. Mai ba da umarni ya ɗauka abin da ke gaban idonsa yana gaban idon kowa, alhali mai karatu ba shi da abin dogara sai abin da ke kan takarda.

Kada wani ya ce ai mu ba yaƙi muke yi ba. A dubi tsohon malamin makaranta da aka aika wa takarda cewa ya zo hedkwata da takardun da ake bukata domin a biya shi fansho. Waɗanne takardu? Wane ofis? Wace rana? Dattijo ya ranci kuɗin mota ya taho daga ƙauye, a ce masa saura takardar kama aiki, ya koma, ya dawo, a ce saura hoto. Akawun da ya rubuta takardar ya san jerin abubuwan sarai, ƙyuyar layi uku ce ta hana shi zayyana su. Shi ma yana kan tudu, dattijo yana cikin kwari.

To, ina mafita? Rubutun aiki sana'a ce mai matakai, kuma matakin farko ba ya bukatar alƙalami. Kafin ka rubuta kalma ɗaya, tambayi kanka abu uku: wa zai karanta, me ya riga ya sani, me kake so ya yi in ya gama karantawa. Idan ba ka iya faɗin bukatarka da baki cikin jimla ɗaya ba, to ba ka shirya rubutu ba tukuna. Koma ka karanta fayil ɗin, ka tabbatar da kwanan wata da adadin kuɗi da lambar takardar da kake amsawa. A nan kuma za ka yanke ko maganar ta rubutu ce ko ta baki. Gyaran kuskuren na ƙasa da kai ya fi kyau a ɗaki tsakaninku, amma duk abin da ya shafi kuɗi ko alkawari ko umarni, a rubuce ya kamata ya kasance, ya shiga fayil. Saƙon WhatsApp yana da sauri, sai dai yakan tafi tare da wayar mai shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Mataki na biyu shi ne daftari. Fara da abin da kake nema, dalilai su biyo baya. Babban Sakatare mai fayil ashirin a kan tebur ba zai haƙa shafi biyu yana neman inda ka binne bukatarka ba. A watan Agusta na 1940, lokacin da jiragen Jamus ke kai wa Ingila farmaki, Winston Churchill ya rubuta wa ministocinsa da manyan ma'aikata takarda yana neman a gajarta rahotanni, a jera muhimman batutuwa cikin gajerun sakin layi. Idan mai fama da yaƙin duniya ya ga wannan ya isa ya ba shi lokacinsa, mu ba mu da hujjar raina shi. A 1948 kuma Baitulmalin Ingila ya sa Sir Ernest Gowers ya rubuta wa ma'aikata littafi musamman kan sauƙaƙa harshe. Abin mamaki, mu da muka gaji salon ofis daga wurinsu har yanzu muna riƙe da dogon Turancin da su suka daɗe suna yaƙi da shi.

Mataki na uku shi ne bita, kuma shi aka fi tsallakewa. Sauri ya haifi nawa. Ajiye daftarin ko da na sa'a ɗaya ne, sa'an nan ka karanta shi kamar kai ne aka aiko wa. Soke duk kalmar da ka sa don burgewa. Inda ka rubuta "nan ba da daɗewa ba", sa rana. Inda ka rubuta "a ɗauki matakin da ya dace", faɗi matakin da wanda zai ɗauke shi. Ba wa abokin aiki ya duba, domin ido ba ya ganin kansa. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga wa hatimi.

Akwai kuma batun harshe. Idan takarda ta manomi ce ko ta mai unguwa, me zai hana a haɗa da fassarar Hausa? Tun 1939 Abubakar Imam ya nuna a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo cewa babu al'amarin mulki da ba a iya bayyana wa talaka cikin harshensa. Kuma amsa takarda a kan lokaci haƙƙi ne: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatun gwamnati kwana bakwai su amsa wa mai neman bayani.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'a da su mai da koyar da rubutun aiki wajibi a kowane sashe, da Turanci da Hausa. Mu kuma ɗalibai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu fara da ƙungiyarmu: sanarwar taro ta faɗi wuri da lokaci da abin da za a tattauna, takardar kukanmu ga hukuma ta faɗi abin da muke nema a layin farko. Wanda ya saba da haka tun yana makaranta, ranar da ya zauna a kujerar ofis ba zai sa dattijo ya yi sawu uku a kan layi uku ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.