Mayar da tsohuwar Hilux otomatik: a yi lissafi kafin a kwance giya

Duk mai bin hanyoyin ƙauyukan Roni da Gwiwa da damina, ko yashin Babura da rani, ya san dalilin da ya sa har yau tsofaffin Hilux da Land Cruiser da Pajero ba su yi ritaya ba. Sai dai wasu masu su na sha'awar a cire giyar hannu a sa otomatik. Wani ƙafa ce ta gaji da taka kuloci, wani kuma yaransa ba su iya giyar hannu ba.

Aikin yana yiwuwa, amma ga motar da ƙauye ne wurin neman abincinta, galibi asara ce.

Ba giyabos kaɗai ake saya ba. Dole bakinsa ya dace da injin, kuma na injin fetur ba lallai ya hau na dizal ba. Sannan akwai akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan bai zauna da sabon giyabos ba, an tashi da motar da tayoyi biyu kawai ke ja, wato an kashe abin da aka saye ta dominsa. Tsawon giyabos ɗin ma yakan bambanta, sai an sauya furofela. Ko a gidan Toyota ba duka ne ɗaya ba: A440F na tsofaffin Land Cruiser ba ya buƙatar kwamfuta, amma A343F da ya zo daga baya sai da kwamfutarsa da wayoyinsa. Mai kaya a Ƙofar Ruwa a Kano na iya cewa "zai hau". Hawa daban, aiki daban.

A yi wa otomatik adalci, tana da daɗi a yashi, domin ƙarfi ba ya yankewa lokacin sauya giya. Amma yashin ne kuma ke dafa man giyar, musamman a zafin Afrilu da lodin buhunan gero. In ba a sa mata abin sanyaya mai ba, ba za ta yi ƙarko ba. Ga shan fetur: tsohuwar otomatik mai giya huɗu takan fi ta hannu sha, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Babbar matsalar ita ce ranar da batir ya mutu a bayan gari. Mai giyar hannu, matasa huɗu sun isa su tura ta ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi, kuma bakaniken da ya san cikinta sai an nemo shi a Kazaure, wani lokaci ma sai Kano.

Wanda lalura ta tilasta masa, ya nemi mota irin tasa sak, mai injin iri ɗaya, a kwaso komai daga jikinta, har kwamfuta da wayoyi da furofela. In hakan bai samu ba, gara ya sayar da tasa ya cika kuɗi ya sayi wadda ta fito da otomatik daga kamfani.