Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Sau da dama mukan ga an tara jama'a don ƙaddamar da sabuwar manhaja, ta biyan albashi ko ta rajistar ɗalibai. A kafa rumfa, manya su yi jawabi, a tafa, a watse, amma ba wanda ya ambaci yaran da suka kwana suna rubuta ta.

Wannan magana ta shafi ƙasar Kazaure ƙwarai. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar koyon aikin kwamfuta a garin, ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, kuma a 2021 aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. 'Ya'yan talakawa daga Roni da Gwiwa suna koyon wannan sana'a. To, ranar neman aiki, da me za su nuna gwanintarsu in babu sunansu a jikin abin da suka yi?

Cutar ba sabuwa ba ce. A 1946, da aka nuna wa duniya na'urar ENIAC a Amurka, ba a gabatar da mata shida da suka tsara mata aiki ba. A 1979 wasu gwanaye suka bar kamfanin Atari suka kafa Activision, kuma hana su sa suna yana cikin dalilansu.

Amma fa iyayenmu malamai sun san wannan haƙƙi. Mai kwafar littafi da alƙalami yakan rubuta sunansa a ƙarshe, ya roƙi addu'ar mai karatu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ma ta lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu.

Wani zai ce ai an biya su albashi. Albashi ladan wata ne, suna kuwa jarin gobe. Kuma in manhaja ta lalace, ai nan da nan ake tuno wanda ya rubuta ta!

Saboda haka muna kira ga shugabanni da a rubuta sunan kowane mai hannu a jikin manhaja, a kira shi gaban taro ya yi bayani da bakinsa, a kuma sa aikin cikin fayil ɗinsa don ranar ƙarin girma. Mu ma ɗalibai, in mun ari aikin wani, mu faɗi mai shi. Yaba kyauta tukwici.