Tsibirin Ngor: Teku na kowa ne, to gaɓar fa ta wa?

Duk wanda ya taɓa sauka Dakar, babban birnin ƙasar Senegal, ko don karatu, ko fatauci, ko kuma a kan hanyarsa ta zuwa ziyara Kaulaha, da wuya a ce bai ji an ambaci Ngor ba. Tsohon ƙauyen masunta ne na ƙabilar Lebu wanda birni ya haɗiye, yana dab da unguwar Almadies, wato inda ƙasar nahiyar Afirka ta ƙare ta wajen yamma. Daura da ƙauyen, tazarar 'yan ɗaruruwan mitoci kawai, akwai wani ɗan tsibiri mai irin wannan suna, wanda mutum zai iya ratsa shi da ƙafa cikin 'yan mintoci. Babu mota a cikinsa, sai lunguna da katangun baƙin dutse. Kwalekwale ne ke kai jama'a ya dawo da su, kuma kafin fasinjoji su gama gaisawa an isa.

Ɓangaren tsibirin da ke kallon gari yana da ƙananan wuraren rairayi da ruwa a kwance, kuma nan ne mutanen Dakar ke yin dafifi ranar Lahadi da iyalansu, ana wanka ana cin gasasshen kifi. To amma abin da ya kai sunan Ngor duniya yana ta baya, inda tsibirin ya fuskanci tekun Atlantika. A nan igiyar ruwa kan taso daga nesa, ta tarar da duwatsu a ƙarƙashin ruwa, sai ta miƙe tsaye ta riƙa karyewa sannu a hankali ta ɓangare guda. Wannan shi ne abin da masu wasan hawan igiyar ruwa ke nema ido rufe: mutum ya kwanta a kan wani dogon allo, ya yi iyo da hannuwa har igiyar ta ɗauke shi, sannan ya miƙe tsaye ya bi gefenta kafin ta rufe shi. Lokacin da mu muke fama da hunturu, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, guguwar da ake yi a arewacin Atlantika ke turo manyan igiyoyi, kuma a lokacin ne baƙi daga Turai da Amurka ke cika gidajen saukar baƙi na yankin. Wasan ba na ragwaye ba ne. Duwatsun cike suke da wasu halittun ruwa masu ƙaya kamar bushiya, wanda duk ya faɗi a kansu zai kwana ana yi masa sakiya.

An saba cewa wani fim na Amurka mai suna The Endless Summer, wanda Bruce Brown ya shirya kuma ya bazu a 1966, shi ne ya kawo wannan wasa Afirka ta Yamma. Gaskiya ne cewa matasan nan biyu na fim ɗin, Mike Hynson da Robert August, da Senegal suka fara, suka hau igiyar Ngor, kafin su wuce Gana da Nijeriya. Amma a ce su ne suka koya wa mutanen gaɓa hawan ruwa, wannan ƙarin gishiri ne. Masanin tarihi Kevin Dawson ya nuna cewa tun a shekarun 1640 wani Bature ya rubuta yadda ya ga yara suna wasa da katako a kan igiyar ruwa a gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma a 1834 wani ya sake bayyana irin haka a Ankara. Su kuwa Lebu, waɗanda suka kafa mulkin kansu a wannan yanki tun kafin Faransa ta kafa Dakar a 1857, kullum ta cikin igiyar nan suke fitar da kwalekwalensu su dawo da shi. Abin da baƙi suka kawo shi ne allon zamani da kyamara da kuɗi.

Muna kawo wannan tarihi ne saboda a yau 'ya'yan masuntan ne ke riƙe da wasan. Oumar Seye ya buɗe hanya a matsayin ƙwararre na farko daga Senegal, Cherif Fall ya wakilci ƙasar a gasannin duniya, sai kuma Khadjou Sambe, 'yar Lebu daga Ngor, wadda danginta suka taɓa hana ta shiga ruwa don a ganinsu ba aikin 'ya mace ba ne, amma ta zama mace ta farko a ƙasar da ta mai da wasan sana'a, har tana koyar da 'yan mata. A 2019 ƙungiyar da ke shirya manyan gasannin wannan wasa a duniya ta kawo gasarta Dakar, karo na farko a Afirka ta Yamma. Shi kansa wasan ya shiga jerin wasannin Olamfik a gasar Tokyo da aka yi a 2021, kuma wanda ya ci zinare a ɓangaren maza, Italo Ferreira na ƙasar Brazil, ɗan mai sayar da kifi ne da ya fara koyo a kan murfin akwatin ƙanƙarar mahaifinsa. Babu yaron Ngor da zai ji wannan labari bai ga kansa a ciki ba.

Wani zai ce, ina ruwan jarida da wasan yara a bakin teku, alhali ga matsaloli jibge? Amsarmu ita ce batun na abinci ne. Sanin kowa ne cewa kifi ya ja baya a tekun Senegal, masunta na kukan manyan jiragen ƙasashen waje sun kwashe musu arziki, har yarjejeniyar kamun kifi tsakanin ƙasar da Tarayyar Turai ta ƙare a Nuwamban 2024 ba a sabunta ta ba. Kwalekwalen da a da ke fita neman kifi, shi ne yanzu ake cikawa da matasa a nufi tsibiran Kanari na ƙasar Sifen. A 2024 kaɗai mutum fiye da dubu 46 ne suka isa can ta ruwa daga gaɓar Afirka ta Yamma, ban da waɗanda teku ya cinye ba a ƙirga su ba. A irin wannan hali, saurayin da ke koyar da baƙi hawan igiya, ko yake gyaran alluna, ko yake tuƙa kwalekwalen tsallakawa, da uwar da ke gasa kifi a bakin rairayi, sun sami dalilin zama a gida. Ba mu ce wannan zai maye gurbin sana'ar su ba, don masu cin abinci da ita kaɗan ne idan aka kwatanta. Amma igiyar ruwa arziki ne da babu jirgin da zai iya kwashe shi cikin dare, kuma ko shekara dubu aka yi ana hawanta ba za ta ragu ba.

Abin da ake iya kwashewa shi ne ƙasar da ke bakinta, kuma an daɗe da farawa. Dokar Senegal ta 1976 ta ce faɗin mita 100 daga inda ruwan teku ke tsayawa idan ya cika mallakar al'umma ce, ba a sayarwa. Amma duk wanda ya bi titin gaɓar Dakar zai ga otal-otal da manyan gidaje da katangu sun tokare ruwa, ta hanyar takardun izini da ake cire fili daga wannan kariya a miƙa wa masu hannu da shuni. A kan tsibirin ma da yawa daga cikin gidajen na masu kuɗin birni ne da baƙi. Marigayiya France Gall, mawaƙiyar Faransa, tana cikin waɗanda suka yi gida a can. Ba laifi ba ne baƙo ya so wuri har ya zauna. Laifin shi ne a wayi gari ɗan ƙasa sai ya biya kuɗi ko ya roƙi mai gadi kafin ya taka rairayin da kakansa ya shanya taru a kai. Illar kuma ba ta tsaya ga ɓacin rai ba. Da wuraren wanka masu kwanciyar ruwa suka koma bayan katanga, yaran unguwannin talakawa sai suka koma gaɓar arewa mai mugun ja, wadda hukuma ta hana wanka a mafi yawanta. A watan Yunin 2021 matasa kimanin goma suka nitse a Malika.

Su mutanen Ngor sun riga sun nuna cewa tura ta kai bango. A watan Mayun 2023 ƙauyen ya yi kwanaki ana arangama da jandarmomi a kan wani fili guda, wanda hukuma ke son gina barikin jandarma a kai, su kuma mazauna suna son makarantar sakandare, don garin ba shi da ita. Sai da aka rasa rai kafin shugaban ƙasa na lokacin, Macky Sall, ya gana da dattawan garin aka amince a raba filin. A duba wannan da kyau: wurin da hotunansa ke cikin mujallun yawon buɗe ido na duniya, 'ya'yansa sai da suka sha hayaƙi mai sa hawaye kafin a ba su wurin gina aji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 2024, jim kaɗan bayan hawansa mulki, gwamnatin shugaba Bassirou Diomaye Faye ta dakatar da gine-gine a gaɓar Dakar na wani lokaci, ta kuma kafa kwamitin binciken takardun filayen. Mun yaba da wannan mataki. Sai dai dakatarwa daban, rushe katangar da aka gina ba bisa ƙa'ida ba daban, kuma mun sha ganin kwamitoci a wannan yanki namu da rahotonsu ke ƙarewa a cikin durowa.

Akwai kuma ƙazanta, wadda ba za a ɗora wa baƙo ba. Magudanar da ke kwararo dattin unguwanni tana zubewa ne a mashigin ruwan Ngor, inda yara ke wanka. Senegal ta kafa dokar hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya a 2020, amma ledojin ruwan sha da kofunan kofi na nan suna yawo a kan ruwa. Matasan da ke hawan igiya su ne kan gaba wajen shara da kai ƙara, domin su ne ke haɗiyar ruwan. Baƙon da ya biya kuɗin jirgi daga Turai ya kamu da ciwon ciki ba zai dawo ba, zai kuma gaya wa goma.

Kada maƙwabta su ɗauka labarin Senegal ne kawai. A Legas akwai Tarkwa Bay, wurin da shi ma sai da jirgin ruwa ake zuwa, kuma yaran wurin sun ƙware a wannan wasa. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazaunansa da sunan yaƙi da masu fasa bututun mai. A Busua ta ƙasar Gana ma wasan na bunƙasa, kuma duk inda baƙi suka fara yawa, farashin fili ne ke fara tashi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

A namu ra'ayin, mai karatu da Allah ya kai shi Dakar ya ware yini guda ya tsallaka Ngor, don gani ya kori ji, kuma bai kamata a ce Bature ya fi mu sanin gaɓar yankinmu ba. In ya je, ya ci kifin matan garin, ya ɗauki ɗan garin ya zagaya da shi, ya koma da ledarsa a aljihu, kuma in bai iya ruwa ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Amma babban nauyin na kan mahukunta. Dakar ce aka ba karɓar gasar Olamfik ta matasa, wadda aka ɗage daga 2022 zuwa ƙarshen 2026, karo na farko da wata gasar Olamfik ta zo nahiyar Afirka, kuma an kashe kuɗi mai yawa wajen gyaran filayen wasa saboda ita. Muna kira ga gwamnatin Senegal da magajin garin Ngor da su nuna irin wannan himma a bakin ruwa: a buga sunayen duk waɗanda aka ba fili a cikin mita 100 ɗin nan tare da shekarar da aka ba su, a buɗe hanyar ƙafa zuwa teku a duk inda katanga ta toshe ta, sannan a karkatar da magudanar da ke zuba a mashigin kafin wata damina ta sake cika ta.